Manomin da Ya Je Birni Neman Gonarsa

A wani zamani, a wani ƙauye na bakin rafi, an yi wani manomi mai gonar gado. Wata rana masu ɗibar yashi suka zo da jakunansu, suka ce, "Maigida, ƙarƙashin gonarka duk yashi ne da tsakuwa. Sayar mana."

Mahaifiyarsa ta ce, "Ɗan nan, in ma sai ka sayar, to ka tara baƙar ƙasar sama gefe guda. Ita ce ke ba da hatsi."

Ya ce, "Haba Inna, ƙasa ai ƙasa ce."

Suka haƙa, suka loda, suka tafi. Suka dawo, suka haƙa, suka loda, suka tafi, har da baƙar ƙasar. Ranar da yashin ya ƙare, ko sallama ba su yi masa ba.

Manomi ya cike ramin da ɓaraguzai, ya shuka gero, bai tsiro ba. Ya shuka dawa, ba ta tsiro ba. Rumbu ya koma wayam.

Sai ya bi sawun jakunan har birni, ya ce wa wani magini, "Malam, ƙasar gonata na zo karɓa."

Magini ya nuna masa wata doguwar katanga, ya ce, "Ga ta can. Ɗauka."

Ya koma gida ya yi ta jidar taki da toka a kwando. Yana jida har Inna ta rasu. Sai bayan shekaru wani ganye ya leƙo. Tumfafiya ce.

Ƙaramar 'yarsa ta ce, "Baba, da wannan za mu yi tuwo?"

Ya sunkuya ya ɗauki kwandonsa.