Ba Wasa Nake Ba, Tau

Netani ya fara ganin Vasemaca ne a cikin bas ɗin da ya ɗauko su daga birnin Suva zuwa bakin teku, Asabar ɗin farko ta watan Fabrairu. Talica ce ta haɗa tafiyar. Ita ce uwar ƙungiyarsu, samari da 'yan mata marasa masoya, waɗanda suka ce tunda watan masoya ya zo ya same su hannu rabbana, gara su cinye shi da yawo tare, maimakon kowa ya kwanta a ɗaki yana kallon hotunan mutane a waya yana tsaki.

Ruwa ya kece a hanya. Netani ya miƙe ya saki tamfol ɗin taga don kada yarinyar da ke gefensa ta jiƙe. Ta ɗago ta yi masa godiya, shi kuwa ya manta yadda ake zama.

"Ban taɓa ganinki a cikinmu ba," ya ce.

"Tare muke aiki da Talica a gidan burodi. Sunana Vasemaca, amma Vase ake ce mini."

"'Yar ina ce ke?"

"Kadavu. Kai fa?"

Da ya san abin da zai biyo baya, da ya haɗiye amsar. Ya ce, "Ra."

Vase ta zaro ido, ta tafa hannu. "Tau! Ashe da tau ɗina nake zaune tun ɗazu ina ta ɓata ladabina a banza!"

Ta sa hannu ta cire hular kansa ta ɗora a nata, bas ɗin ya kaure da shewa.

Mutumin lardin Ra da mutumin tsibirin Kadavu abokan wasa ne tun kaka da kakanni, tau suke kiran juna. Tau zai zage ka a tsakiyar kasuwa, ya shiga gidanka ya kama kaza ya fita, ba ka da ikon ɓata rai. Kuma duk abin da ya fito daga bakinsa wasa ne, ko da kuka yake yi. Wannan na ƙarshen shi ne ya zame wa Netani ciwo.

A bakin teku aka baje tabarmi, aka fito da dafaffen rogo da kifi mai romon kwakwa. Netani ya yi ta zagaye har ya samu wuri kusa da ita.

"Vase, hular nan ta fi yi miki kyau."

"Komai ma ya fi yi mini kyau. Ku can a Ra in ban da awaki me kuke gani?"

"Da gaske nake. Tunda na gan ki zuciyata ba ta zauna ba."

"Ku ji shi!" ta ce wa sauran. "Tau ya faɗa soyayya. A kawo masa ruwa kafin ya suma."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, don bai san inda zai sa fuskarsa ba.

Da suka koma gari ya karɓi lambarta a wurin Talica. Washegari bayan an taso daga coci ya tura mata saƙo:

"Farin wata, kin tashi lafiya? Na yi ta neman muryarki a cikin mawaƙan cocinmu, alhali na san ba a nan kike ba."

Amsa ta zo nan take:

"Lafiya lau, Akuyata. Wa ya rubuta maka wannan? Na san dai ba kanka ba ne."

Haka suka yi ta yi. Shi ya aika zuciyarsa, ita ta mayar masa da tsiya. A wurin aikinsa na gyaran injin jiragen ruwa har an fara yi masa faɗa, don sai ya kwance abu ya tsaya yana kallonsa kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Ranar masoya ƙungiya ta hau dajin Colo-i-Suva yin wanka a tafkunan cikin duwatsu. Netani ya zo da jan fure guda ɗaya da cakulan, ya ɓoye su a jaka har furen ya fara laushi. Da aka fito daga ruwa ana shanya jiki, ya tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba shi, ya durƙusa a gabanta.

"Vasemaca, ina son ki. Aurenki nake so in yi."

Vase ta tsaya da tawul a hannu tana kallonsa. Sai wani daga baya ya fashe da dariya, saura suka ɗauka. Talica har da faɗuwa a kan dutse tana riƙe ciki, tana cewa a ba wa Tau kyautar gwanin wasan shekara.

Nan ne fa Netani ya yi wautar da har yau in ya tuna yake jin haushin kansa. Ya ga kowa na dariya, kunya ta rufe shi, sai shi ma ya washe baki. Vase ta ga haƙoransa. Ta karɓi furen ta soke a kunne, ta rarraba wa mutane cakulan ɗin, ta ce, "Sai ka ƙara da shanu goma, Tau."

Abin da bai sani ba, furen nan bai kwana a bola ba. A cikin kofin ruwa ya kwana, kusa da hularsa, a gefen gadonta. Vase ta kamu tun a cikin bas. Amma ta san 'yan uwanta. In ta ɗauki maganar tau da gaske, aka wayi gari ashe tsokana ce, to har jikokinta sai an yi musu gori da ita daga Kadavu zuwa Ra. Ga so na cin ta, ga babu wanda za ta tambaya ba tare da ya yi mata dariya ba.

Ana cikin haka sai ga Kitione. Soja ne, bai daɗe da dawowa daga aiki a ƙasar waje ba, kuma ubansa da Isikeli, mahaifin Vase wanda take kira Tata, dattawan coci ɗaya ne. Mutum ne mai natsuwa, ba shi da abin zargi. Shi in ya yi magana, magana ce.

Nana, mahaifiyar Vase, ta same ta tana goge kayan aiki ta ce, "Mutanen Kitione za su zo ƙarshen wata da tabua. Tatanki ya ji daɗin maganar."

Vase ta ajiye dutsen guga. Kowa ya san in aka miƙa tabua, haƙorin ƙaton kifin nan na teku mai igiyar zaren kwakwa, uba kuma ya karɓa, magana ta ƙare.

"Nana, in akwai wani fa?"

"Wane ne?"

"Wani ne ɗan Ra."

Isikeli da ke bakin ƙofa yana jin su ya yi dariya har da tari. "Ɗan Ra? Tau ne ya ruɗe ki? 'Yata, su waɗannan ko gaisuwarsu sai an tace. Kada in sake jin wannan shirme a gidana."

Fita ta ƙarshe da ƙungiya ta yi, a katangar bakin teku ta cikin gari aka yi ta, da yamma, ana cin gasasshen nama da rogo a takarda. Talica ce ta fasa ƙwan.

"Jama'a, mun yi asarar mutum ɗaya. Asabar mai zuwa za a kai wa Vase tabua."

Aka hau tafi da guɗa. Netani ya ajiye namansa.

"Kada ki yarda, Vase," ya ce.

"Kishi ya motsa!" in ji wani. Aka sake kwashewa.

Vase ba ta yi dariya ba. Ta ce a hankali, "Tau, ka bari. Yau ba ni da ƙarfin wasa." Ta ɗauki jakarta ta tafi tashar bas.

Bai iya bin ta ba. Yana nan zaune a kan katangar ya rubuta mata:

"Farin wata, wallahi ba wasa nake ba. Ban taɓa yi miki wasa da wannan maganar ba ko sau ɗaya. Ki gaya mini yadda zan faɗa ki yarda."

An jima kafin amsa ta shigo:

"Ban sani ba, Netani. Ko rantsuwar ma ai tau yana yi. Ran nan a daji na tsaya ina jiran ka, sai na ga kana dariya. Ni me zan kai wa Tata? Saƙon waya?"

Wannan ne karo na farko da ta kira sunansa. Ya karanta ya sake karantawa, hawaye na ɗiga a kan wayar, mutane na wucewa suna kallonsa.

Washegari ya hau bas zuwa ƙauyensu a Ra, wurin Momo Waisake, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa. Ya zauna a ƙasa ya faɗi abin da ya kawo shi.

Momo ya buga cinya. "'Yar Kadavu? So kake a kwashe mana tukwane a rana ɗaya? Kai yaro, ka iya tsokana."

"Momo, da gaske nake."

"Haka ake cewa ai. To ko da gasken ne, ina tabua? Na dangi an kai gidan makoki bara, ka sani."

Netani ya sunkuyar da kai. Har a gidansu ma bai tsira ba.

Bubu, kakarsa, tana gefe tana saƙar tabarma. Ta dubi kwanon gwazar da aka ajiye masa, ko taɓawa bai yi ba.

"Waisake, rufe mana baki," ta ce. "Yaron da ke cinye rabon mutum uku ya bar abinci, kai kana cewa wasa."

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Tabua ne, ya yi ja saboda tsufa da shafar mai.

"Na ajiye shi ne don ranar da za a binne ni," ta ce. "Amma gara in ga amfaninsa da idona."

Ranar Alhamis da hantsi suka isa gidan Isikeli, Momo da dattawa biyu da Netani a baya, kowa da ɗaurin zane. Isikeli na hango su ya ɗaga murya.

"A ɓoye kaji! Ga mutanen Ra nan!"

"Wane kaji gare ka, matsiyaci?" in ji Momo. "Mu da muka zo da abincinmu don mun san gidan da za mu."

Aka shiga ana ta musayar baƙar magana, ana ƙyaƙyatawa. Netani ya ce a ransa shi ke nan, wannan ma za ta tafi a wasa.

Sai Momo ya gyara zama. Ya durƙusa, ya warware zanen, ya riƙe haƙorin da hannu ɗaya, igiyar da ɗayan. Dariyar da ke bakin Isikeli ta mutu nan take. Babu tau a gaban tabua. Momo ya yi magana da muryar da Netani bai taɓa jin sa da ita ba, ya ambaci ƙauyensu da kakanninsu, ya roƙi Vasemaca wa ɗansu.

Isikeli bai miƙa hannu ba. Ya bar Momo a durƙushe, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne.

"Na riga na yi wa wasu alkawarin Asabar," ya ce. "Kuma ni ina son surukin da zai ji kunyata, ba wanda zai zage ni in yi dariya ba."

Nana ta matso ta raɗa wa mijinta, "Alkawarin zuwa ka yi musu, ba ka karɓi komai ba. Ka tambayi yarinyar."

Aka kira Vase. Ta shigo a sunkuye ta zauna kusa da uwarta.

"Ga tau ɗinki nan," in ji Isikeli. "Kin ce akwai wani. Shi ne?"

Ta ɗago ta dubi Netani. Ta daɗe tana kallon bakinsa, tana jiran haƙoran nan su bayyana. Ba su bayyana ba. Gumi na bin wuyansa, idanunsa sun yi ja.

"Shi ne, Tata," ta ce. Ta matsa ta ɗora hannunta a kan igiyar.

Isikeli ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ya karɓi tabua, dattawa suka tafa hannu a dunƙule, tafin nan mai zurfin sauti. Washegari da kansa ya ɗauki saiwar yaqona, wadda ake jiƙawa a sha a zaman dattawa, ya je gidan su Kitione ya ba da haƙuri. Ba su ji daɗi ba, amma sun karɓa.

Bayan damina aka ɗaura auren a Kadavu. Mutanen Ra suka cika jirgin ruwa, suka sauka suka kame kajin garin kaf, babu mai ikon cewa don me. Bubu ta zo, an ɗauko ta a kujera daga bakin ruwa. Ta dafa kawunansu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, ya sa su tsufa tare. Isikeli ya ce amin, ya ƙara da cewa Allah ya sa jikokin su biyo hankalin uwarsu.

Ana cin abinci Talica ta miƙe ta ce ita fa har yanzu ba ta yarda ba, sai ango ya maimaita abin da ya faɗa a daji.

Netani ya juya ga amaryarsa. Hularsa ce a cinyarta, ta zo da ita har cikin coci.

"Vasemaca, ina son ki."

Rumfar gaba ɗaya ta kwashe da dariya, Ra da Kadavu, har da limamin cocin. Mutum biyu ne kawai ba su yi ba.

"Na ji, Tau," ta ce. "Na yarda."