Ragar da Ta Riƙe Bangon Baba Ejike

Tsagar bango Yafet magini ya zo dubawa ranar da ya fara ganin Chinenye. Ita ta riƙe masa tsani, shi kuwa ya ɓata rabin awa yana auna abin da minti biyu ya isa.

Gidan na jan bulo ne, a bayan tashar jirgin Kafanchan. Sau uku mahaifinta, Baba Ejike, tsohon mai duba layin dogo, yana toshe tsagar da siminti tana dawowa, a karkace daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Leonard mai sayar da bulo, wanda ya daɗe yana zaryar neman Chinenye, ya ce a rushe kawai. Yafet ya ce a kankare filasta ciki da waje, a shimfiɗa ragar zaren gilashi, a shafe.

Baba ya yarda da aikin, don a gidan nan matarsa ta rasu, ba ya son a rushe. Amma da zancen aure ya taso, ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mai rataya wa bango gidan sauro. Sai Yafet ya manna siririn gilashi daidai inda tsagar take: in ya fashe kafin ƙarshen damina, bango ya motsa ke nan, zai haƙura da Chinenye.

Ta tura masa saƙo: "Injiniya na, kullum ina gaishe da glass ɗin nan kafin in gaishe da Daddy."

Ya amsa da sunan ƙauna na yarensu: "Nne, raga na ba zai kunyata mu ba."

A watan Agusta tana shara, ta bugi gilashin da bokiti, ya fashe. Tsoro ya hana ta magana. Yafet ya gani, ya ɗauka aikinsa ne ya gaza, ya ɗauke ƙafa da baƙin cikinsa. Sati biyu tana kuka a ɓoye kafin ta faɗa wa mahaifinta gaskiya.

Baba ya aika aka kira Yafet.

"Ka ɗauka glass naka nake kallo? Shekara talatin ina auna rail na dogo. Na buga ƙusa biyu gefe da gefen tsagar, kowane Sunday bayan coci ina aunawa. Bango bai motsa ba."

An ɗaura auren a Disamba. Da suka durƙusa gabansa, Baba ya ɗora musu hannu.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya riƙe gidanku. Kai kuma, ɗana, in ka ga abu ya fashe, ka auna kafin ka gudu."