Jan Haske a Bakin Ruwan Ngaski

Zaharaddeen, malamin kimiyya daga Yelwa, ya gama ɗaukar hoton taurari a bakin ruwan Ngaski. Saura hotunan duhu da ake ɗauka da kyamara a rufe, don tace hoton. Sau biyar kwamfuta tana nuna masa jan haske maimakon baƙi ƙirin. Ya ja tsaki, ya naɗe kyamarar a cikin rigarsa, duk a banza.

"Ɗana, kana shan wahala," in ji wani tsoho daga cikin kwale-kwale, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Baba, don Allah kashe fitilarka, tana ɓata min aiki."

"Ni ba ni da fitila."

Zaharaddeen ya juyo a fusace. Idanun tsohon jajur suke ci kamar garwashi; da ya lumshe su, jan hasken ya ɗauke. Da ya buɗe, hasken ya dawo.