Saurayin da Aka Tsamo Daga Teku

Duk shekarun da Shafa'atu ta yi a Riyadh ba ta taɓa ganin teku ba. Sai a hutun ƙaramar Sallah ta 1996 mahaifinta, Alhaji Maiwada, ma'aikaci a ofishin jakadancin Nijeriya, ya cika alkawarin da ya daɗe yana ja. Suka hau jirgin ƙasa zuwa Dammam, ita da shi da mahaifiyarta Hajiya Iyatu, suka ɗauki hayar jirgin ruwa na katako, irin wanda ake ɗaura wa ƙaton ƙyalle iska ta riƙa tura shi.

Tafiya ta yi daɗi. Tsohon matuƙin yana ta 'yan waƙe-waƙensa da Larabci, Hajiya tana zuba shayi, Alhaji ya miƙe ƙafa cikin farar shaddarsa yana cewa ashe haka masu kuɗi suke shan duniya.

Can iska ta ɗauke. Ƙyallen ya saki jiki, jirgin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa.

Shafa'atu ce ta fara jin wata ƙara, kamar ta jirgin sama daga nesa. Kafin ta nuna da hannu, sai ga wasu dogayen jiragen tsere sun ɓullo daga bayan wani tsibiri, hancinsu a sama, ruwa na tsagewa a bayansu. Biyu suka wuce ta gefe kamar walƙiya. Na ukun, ja mai ratsin fari, ya nufo su kai tsaye.

“Innalillahi!” Hajiya ta saki butar shayi.

Saura ƙiris sai ƙarar injin ta mutu, jan jirgin ya murɗe gefe da ƙarfi. Igiyar ruwa ta taso ta yi wa Alhaji wanka tun daga hula har takalmi, wani mutum kuma ya yi sama daga cikin jirgin ya faɗo ruwa tsulum, dab da su.

Matuƙi ya jefa igiya, shi da Alhaji suka jawo shi. Ya zube a ƙasa yana tari, sannan ya cire hular kwano. Saurayi ne baƙi, dogo, gira a cike.

Alhaji ya dube shi yana matse hularsa, ya ce da Hausa don ya tabbata ba zai ji ba, “Dubi ɗan banza. Uwarsa na gida tana masa addu'a, shi yana nan yana neman kashe bayin Allah.”

Saurayin ya ɗago kai. “Ka yi haƙuri, Baba. Ni ce da laifi.”

Dariya ta ƙwace wa Shafa'atu, ta yi maza ta toshe baki da gefen mayafi. Ya juyo. Idonsu ya haɗu, sai ta nemi dariyar ta rasa, ƙirjinta kuma ya ci gaba da bugun da ta ɗauka na tsoro ne.

Sunansa Ghazali. Iyayensa mutanen Damagaram ne, amma a unguwar Utaiƙa ta nan Riyadh aka haife shi, shi ya sa Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa ba ta raba mace da namiji. Yana aiki a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu, ran hutu kuma ɗan maigidansa yana tafiya da shi tsere, shi ne mai kula da inji.

Bayan sun koma Riyadh, sai ga shi har gida tare da mahaifinsa Malam Lawali da ƙanwarsa Mariyama, da kwalin dabino, sun zo ba da haƙuri. Maza suka zauna a falo, Mariyama ta shige ciki. Kafin shayi ya huce ta zama ƙawar Shafa'atu, ta kuma tafi da lambar wayar gidan.

Mariyama ce take bugowa da la'asar. In sun gaisa sai ta ce, “Ga wani nan zai ɓalla min hannu.”

“Assalamu alaikum, Shifa'i.”

“Shafa'atu dai.”

“Na sani. Shifa'i da Larabci, wato maganina. Tun ranar nan ruwa yana cikin kunnena, amma in kin yi magana ina ji tar.”

“Kai dai kifi ne kawai. Kifin da Babana ya kamo.”

“To a dafa ni, in dai ke za ki ci.”

Ta kifa fuska a matashin kujera tana dariya. Hajiya na kicin tana jin komai, sai dai ta ƙara ƙarar famfo.

Wata rana Shafa'atu ta tambaye shi me yake samu a wannan gudun.

Ya ce, “A gari ni ɗan baƙi ne. Kowa ya gan ni iƙama yake tambaya, takardar izinin zama. A kan ruwa ba mai tambayata komai, ya galbi, zuciyata. Daga ni sai iska.”

Ranar ba ta tsokane shi ba. Ta ajiye waya ta daɗe a zaune, tana jin tausayinsa da sonsa sun cakuɗe.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji, sai ya murtuke. Ba asalin yaron ne ya dame shi ba, don ya yaba da Malam Lawali. Abin da ya gani da idonsa ne ya tsaya masa a rai.

“In ba shi 'yata yau, gobe a kawo min ita tana takaba? Ga Abdulbasit ɗan abokina yana gama jami'a, yaro mai nutsuwa, ko keke ba ya gudu da shi.”

Abdulbasit ba shi da aibu. Ya zo sau biyu, ya yi mata bayanin nahawu har ta fara hamma. Lokaci kuma yana ƙurewa, don wa'adin aikin Alhaji ya kusa cika, bayan babbar Sallah za su tattara su koma gida.

Hajiya ce ta shawo kansa. “Alhaji, ka kira yaron ka ji ta bakinsa. Ba a yanke wa mutum hukunci yana cikin ruwa.”

Ran Alhamis Ghazali ya zo cikin farar jallabiya, ya durƙusa a falo. Shafa'atu ta laɓe a bayan labule.

“Magana ɗaya ce,” in ji Alhaji. “Ba za ka haɗa biyu ba. Ko ka bar tseren nan, ko ka bar 'yata. Ka je ka yi tunani.”

Ghazali ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

“Ba sai na yi tunani ba, Baba. Na bar ta. Wallahi na bar ta har abada.”

Shafa'atu ta saki labulen, ta dafa bango.

Alhaji ya miƙe, fuska a ɗaure. “To madalla. Allah ya raka taki gona.”

“Amin, Baba! Na gode!”

Ya fita har da sauri. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mata rai. Ta shige ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe. Waya ta yi ta ƙara a kwanakin da suka biyo baya, ta ce a ce ba ta da lafiya. Aka aiko da kwalbar zuma, ta ƙi ko kallonta. Da Alhaji ya sake tado zancen Abdulbasit, ta ce a sanyaye, “Duk abin da ka yanke, Baba.”

Ran Juma'ar makon da ya biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, aka buga ƙofa. Malam Lawali ne da wasu dattawa biyu cikin manyan riguna, da goro da alawa, Ghazali a bayansu yana ta washe baki.

“Alhaji, mun zo neman iri,” in ji Malam Lawali.

“Wane iri kuma? Ɗanka a nan ya durƙusa ya ce ya bar 'yata har abada.”

“Ni?” Ghazali ya dafe ƙirji. “La wallah! Tsere na bar! Na mayar musu da hula da riga, ɗan maigida har ya daina yi min magana. Na ce na bar ta!”

Malam Lawali ya rufe ido. “Ghazali. Tsere namiji ne.”

“Ai musabaƙa mace ce.”

“Da Larabci ke nan, ɗan nan!”

“Amma Baba ya sa min albarka. Ya ce Allah ya raka taki gona, na ce amin.”

Ɗaya daga cikin dattawan ne ya fara dariya, har goro ya sarƙe shi. Malam Lawali ya bi. Alhaji ya yi ta maza, ya cije leɓe, ya kalli silin, daga ƙarshe ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. A bayan labule Shafa'atu ta zame ƙasa, hawaye na zuba, dariya na cinta, Hajiya na dukan bayanta tana cewa, “Ke, za su ji ki!”

Da aka lafa, Alhaji ya share ido ya dubi saurayin da kyau. “Ashe abin da ka fi so ka ajiye saboda ita?”

“Ba shi na fi so ba, Baba.”

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. “Malam Lawali, a raba goron nan.”

Da la'asar waya ta yi ƙara, Shafa'atu ta riga kowa ɗauka.

“Shifa'i, ashe kin yarda zan iya barinki?”

“Da kunnena na ji.”

“Kunnenki ya ji bakina. Da kin tambayi zuciyata, ita ba ta kuskuren Hausa.”

“Ka yafe min.”

“Na yafe. Kin sha zumar?”

“Yanzu zan sha.”

Abdulbasit da kansa ya zo ya taya Alhaji murna, ya ce matar mutum kabarinsa. An ɗaura aure bayan babbar Sallah a wani masallaci a Utaiƙa. Mutanen ofishin jakadanci suka zo da motocinsu, mutanen Maraɗi da Damagaram suka zo a bas daga masana'antu, aka haɗu a tire ɗaya ana cin kabsa, dafa-dukan Larabawa, da tuwon shinkafa. Ɓangaren mata kuwa guɗa ta tashi iri biyu, ta Hausa da ta Larabawa, har maƙwabta suka shigo ba gayyata.

Da lokacin kai amarya ya yi, aka kawo Shafa'atu gaban iyayenta a lulluɓe, aka kira ango ya durƙusa a gefe. Akwatunan komawa Nijeriya na jere a bango, an riga an ɗaure su. Alhaji ya kama hannun Ghazali ya riƙe gam.

“Mu za mu tafi, ita za ta zauna. Ba ta da kowa a ƙasar nan sai Allah, sai kai. Ka…”

Muryarsa ta sarƙe. Ya sake gwadawa, ta ƙi fita. Shafa'atu ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar.

Hajiya Iyatu ta matso ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta, ɗaya a kafaɗar mijinta, ta ƙarasa masa.

“Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa ku tsufa tare, ku ga jikokinku. Allah ya sa in mun tuna ku daga can, murmushi za mu yi.”

Ɗakin ya amsa da amin. Malam Lawali ya ce daga bakin ƙofa, “Alhaji, ka tafi da kwanciyar hankali. Yau na yi 'ya.”

A ƙarƙashin mayafi Shafa'atu ta miƙa hannunta mai lalle, Ghazali ya karɓa, suka miƙe tare.