Harsashin da Bai Tsayar da Ɓauna Ba

Rana ta take sosai lokacin da Sufeto Rendani Mudau ya isa gonar farauta ta 'yan gidan Labuschagne, kusa da kogin Limpopo. An riga an lulluɓe gawar Oom Stoffel, tsohon maharbin da ɓauna ta tattake. Ita ma ɓaunar tana kwance can gefe, matacciya.

Kowa cewa yake tsautsayi ne. Mudau bai musa ba, sai dai ya tsuguna gaban dabbar yana leƙen raunukanta. Harsashin mamacin guda biyu sun same ta a ƙirji, daidai inda ake so, amma da ya zura wuƙa sai ya ji ƙarfe nan kusa, a cikin tsoka.

"Wa ya ƙarasa ta?"

"Ni ne," in ji Wynand, ƙanin mamacin, idanunsa jawur. "Na farkon na kuskure. Kafin in sake, ta riga ta kai Yaya ƙasa."

"Wace irin bindiga yake riƙe da ita?"

"Babbar magnum ɗinsa mana. Giwa ma tana kayarwa."

Mudau ya sake duban ramin. Bindigar giwa, amma ta kasa huda ɓauna? Ya kwance ɗamarar harsashin mamacin ya tafi da ita.

A gida, matar marigayin, Tannie Marietjie, ta ajiye masa kofi da busasshen naman da suke kira biltong, sannan ta kai shi wani ɗaki mai warin mai. Ga ma'auni ƙarami, ga gwangwanayen albarushi, ga kwanson harsasai jere a katako.

"Shi yake ɗura nasa da hannunsa," ta ce. "Tun da kafaɗarsa ta lalace yake yin masu sauƙi, don gwaji da harbin gadu. Masu ƙarfin na ɓauna ne kawai."

"Tannie, ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Ya yake rarrabewa?"

Ta yi ɗan murmushi cikin hawaye. "Da jan farcena, ɗana. Sai ya ɗiga ja a gindin masu sauƙin. Kullum faɗa muke a kai."

Mudau ya zaro ɗaya daga ɗamarar ya kai bakin taga. Gindinsa fes. Ya sa tsinke ya kankare ƙaramin lungun da ke kewaye da hular harsashin, sai ga ɓurɓushin ja. Wani ya goge alamar.

Abin ya ƙara tsaya masa a rai. Ya roƙi Tannie harsashi mai ƙarfi guda, ya ɗura a bindigar mamacin, ya fita bayan gida ya harba tudun ƙasa. Bindigar ta naushe shi har ya ja da baya, hularsa ta faɗi.

Ya sa aka kira Wynand.

"Ka san yayanka yana ɗura harsasai iri biyu?"

"Ina zan sani? Ɗakin nan ko ƙuda ba ya bari ya shiga. Ni na kanti nake saya."

"To taimake ni," in ji Mudau yana murza kafaɗa. "Wannan bindigar ta kusa karya ni. Ga ɗaya daga ɗamarar Oom, harba mini in ga ko saitin ne ya goce."

Wynand ya karɓa, ya ɗura, ya ɗaga bindigar sakwa-sakwa kamar mai harbin kurciya. Bai danna gindin a kafaɗa ba, bai buɗe ƙafafu ba. Ya harba. Ƙara ta fito a sanyaye, bindigar ta ɗan motsa kawai.

Ko gira bai ɗaga ba.

"Saitin lafiya lau," ya ce.

"Na gani. Amma gaya mini, wane maharbi ne zai riƙe bindigar giwa haka, sai wanda ya san ba za ta naushe shi ba? Kuma ka ji ƙarar nan, ba ka tambaye ni komai ba."

Wynand ya dubi bindigar, ya dubi Tannie da ke tsaye bakin ƙofa. Ya zauna a ƙasa.

"Ban so ya mutu ba, na rantse. Tun muna samari ni ne ɗan rakiya. Baƙi su zo, shi za a yi wa tafi, ni in ɗauki kaya. Makon jiya gaban mutane ya ce hannuna rawa yake, in koma gadin shinge. Na ce bari bindigarsa ta kasa sau ɗaya, ni in kayar da ɓaunar a gabansa, ya gani da idonsa. Shi ya sa na goge jan, na sa masa masu sauƙin a ɗamara."

"Sai hannun ya yi rawa," in ji Mudau a hankali.

Wynand ya rufe fuska.

Mudau ya zare bindigar daga gabansa ya miƙa wa kofur ɗin da ya rako shi, sannan ya sa masa ankwa. Da suka zo wucewa, Wynand ya tsaya. "Marietjie..."

Ta koma ciki ta rufe ƙofa.