Lasifikar Gwaji

"Ƙarfe goma. Za a yi ruwa da rana. A rufe tagogin falo."

Muryar ta sauko daga silin, sumul, babu gargada ko ɗaya. Auta ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ninke riga ta cusa a akwati, ta zauna a bakin gado tana kallon hannuwanta. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi mata komai.

"Kin ji ko?" in ji Yayarta daga bakin ƙofa, riƙe da ƙugu. "Mijinki ne ya gaishe ki. Amsa mana!"

"Yaya, don Allah..."

"Don Allah me? Wata bakwai! Mutum kuna gida ɗaya, amma ko shayi yake so sai ta silin. Tun farko mun faɗa miki, kika toshe kunne."

Gaskiya ne, sun faɗa. Injiniya, mijinta, yana da i'ina tun yana yaro, kuma danginta ba su taɓa yafe masa ba. Ita ce ta tsaya kai da fata. Lokacin har daɗi take ji idan ya maƙale a kan sunan da ya sa mata, "Zu-zu-zuma," kunnuwansa na rawa don kunya.

Sana'arsa ke nan haɗa gidajen da ke kunna fitila da kansu, su kulle ƙofa da kansu. Nasu gidan kuwa sai ya wuce gona da iri. Lasifika tara ya kafa, falo, kicin, baranda, har banɗaki bai tsira ba. Ya naɗi murya a wayarsa, ya sake, ya sake, sai ta fito tas, sannan ya zaɓi ɗakin da za ta je. Da farko abin ya burge ta. Daga baya ta lura silin ya fi mijinta magana. Ya dawo, ya ɗaga mata kai, ya shige ɗakin aikinsa ya rufe.

"Mai kantin maganin nan da ya nemi aurenki har gobe yana tambayarki," Yaya ta ce, ta rage murya. "Jiya ma ya ce in gaishe ki."

"Da aurena, Yaya?"

"Wane auren? Da silin?"

Auta ta miƙe ta nufi kicin don kar ta yi kuka a gabanta.

Lasifikar kicin ta mutu tun shekaranjiya, tururi ya cinye ta. Auta kuwa ba ta iya barin abu a lalace, ko da tafiya za ta yi. Don haka da safe, bayan fitarsa, ta shiga ɗakin aikinsa ta ɗauko wata 'yar baƙar lasifika da ke kan tebur, ta jona ta kusa da murhu.

Tana tsiyayar ruwa a kofi, abin ya yi ƙara.

"G-g-gwaji."

Kofin ya kusa suɓuce mata.

"Saƙo na ɗari biyu da... da sha ɗaya. Na san ba m-mai ji."

Muryarsa ce, ta ainihi, wadda ta aura. Tana jin ƙarar motoci a bayansa, da numfashinsa. Ta juya lasifikar. A ƙasa akwai 'yar takarda da rubutunsa: Gwaji. Sai ta tuna abin da ya taɓa koya mata farkon aurensu, cewa saƙo ba ɗaki yake bi ba, sunan lasifika yake bi duk inda aka kai ta. Shi a saninsa, tana can kan teburinsa, a rufaffen ɗaki.

"Zu-zuma... na ga akwatin a ƙarƙashin gado."

Yaya ta leƙo, ta buɗe baki, Auta ta ɗaga mata hannu.

"Ranar da muka je gidan Yaya, m-mijinta ya kwaikwaye ni. Kowa ya yi dariya. Ban damu ba, na s-saba. Amma na juyo... na ga kin rufe baki da hannu."

Auta ta dafa bango. Ta tuna. Dariya ce ta kufce mata, 'yar ƙarama, ta manta da ita kafin su iso gida. Ashe shi yana ɗauke da ita wata bakwai!

"Sai na ce bari in ba ki murya mai kyau. Wadda ba za ki ji k-k-kunyarta ba." Ya ja numfashi. "Kar ki tafi. Wannan na naɗa ya fi sau arba'in, ya ƙi fita daidai. Shi ya sa ban t-turo miki ba."

Ƙit, saƙon ya yanke.

"Dabara ce," in ji Yaya, amma muryarta ba ta da ƙarfin ɗazu. "Ya san kina..."

"Bai sani ba, Yaya. Ni na ɗauko ta."

"To ko ma mene ne, wata bakwai ba wasa ba ne. Kin rame, kin lalace..."

"Na sani. Ni da shi muka lalace." Ta share ido da bayan hannu. "Ki je gida. Ki gaida mijinki, ki ce masa ya iya kwaikwayo."

Yaya ta ɗauki jakarta. Ta fita.

Akwai maɓallin mayar da amsa a saman kowace lasifika. Auta ba ta taɓa danna shi ba, don fushi. Yau ta danna.

"Injiniya... saƙonka ya iso kicin."

Ta fara tsoron ko ya jefar da wayar.

"Ka zo gida. Kar ka naɗi komai. Ka zo da bakinka."

Ruwan ya sauko kamar yadda silin ya faɗa. Ta manta da tagogin falo, labule ya jiƙe sharkaf, ba ta ko kula ba. Tana zaune a kan akwatin da ta jawo tsakar falo lokacin da ƙofa ta buɗe kanta.

Ya shigo a jiƙe, idanunsa ja. Ya dubi akwatin, ya dube ta. Leɓɓansa suka fara motsi, kalmar ta ƙi fita. Hannunsa ya tafi aljihu, wajen waya.

"A'a," ta ce. "Ina jira."

"Z-z-z..."

Daidai lokacin silin ya buɗe baki, da muryarsa mai santsi: "Ƙarfe ɗaya. A duba injin wanki."

Auta ta ɗaga kai sama, ta dawo da idonta kansa, dariya da hawaye suka haɗe mata.

"Ka sallami wancan mutumin," ta ce. "Ni ba shi na aura ba."

Ya ciro wayar, ya danna sau biyu, gidan ya yi tsit. Ya durƙusa a gabanta, ruwa na ɗiga daga gashinsa.

"Ka yafe min dariyar nan, masoyina," ta ce a hankali. "Wallahi ban san ta kai nan ba."

Ya girgiza kai, ya kama hannunta, ya sake gwadawa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya maƙale sau huɗu, ba ta taya shi ba, ba ta kawar da ido ba.

"Zu... zu... Zuma."

"Na'am," ta ce. "Sake faɗa."