Jan Ƙyalle a Kan Sitiyari

Da hantsi wani mutum ya faɗo ofishin 'yan sanda babu ko sallama, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Sajan da ke kan kanta ya gane shi nan take. Bakaniken nan ne da kowa ke kira Sai-Gobe, don duk wanda ya kai masa mota amsar da zai ji ke nan. Mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, yau ga shi yana haki.

"An sace mini mota a gareji," ya ce. "Amma ba satar ce ta ɗaga mini hankali ba. Motar nan za ta kashe mutane."

Sufeto ya fito daga ofishinsa yana ɓalle maɓallin riga. Mutum ne mai gyambon ciki, kuma cikin nasa ya fi shi saurin gane matsala.

"Mu je ka nuna mini," ya ce.

Garejin yana ƙarshen wani layi na masu walda. A tsakiyarsa akwai fili babu kowa, sai shatin manyan tayoyi a ƙasa. Nan motar take, wata jif, in ji Sai-Gobe. Ta wata likitar dabbobi ce mai zuwa garkunan da ke bayan duwatsu, ta kawo a ɗora mata sufacaja.

"Mece ce kuma wannan?"

"Na'ura ce da ake ɗora wa inji, Yallaɓai, tana danna masa iska da ƙarfi. In iska ta yi yawa sai ya nemi fetur da yawa, ƙarfinsa ya ƙaru. Shi ya sa dole na canza famfon mai da tiyonsa."

"To ina haɗarin?"

Sai-Gobe ya zaro wani ƙaramin zoben ƙarfe daga aljihu.

"Wannan ake matse bakin tiyo da shi. Ya kamata ya zo a cikin kwalin na'urar, amma babu. Sai na ɗaure tiyon da waya don kada ƙura ta shiga, na tafi kasuwa in sayo. Ina dawowa na tarar da wayam."

"In an tayar da ita fa?"

"Famfon zai bugo mai da ƙarfi, wayar ta saki. Daga nan ko an kashe ta, ɗiga za ta yi ta yi. Kuma da tanki a cike Likita ta kawo ta. In a rufaffen wuri aka ajiye ta, tartsatsi ɗaya ya isa."

Sufeto ya tsuguna. Akwai ɗigo-ɗigo a ƙasa, sun bi ta ƙofa sun hau kwalta, a nan rana ta shanye su. Masu waldar layin kuwa kowa ya ce kansa na cikin aiki, mota ta fita daga gareji ai ba labari ba ne.

Da ya dawo ciki idonsa ya faɗa kan teburin kayan aiki. Komai a hargitse yake, sifanu a kan guduma, guduma a kan kofin shayi. Abu ɗaya ne kawai a kintse: wani jan ƙyalle da aka ninke tsaf aka ajiye a kusurwa.

"Wannan fa?"

Sai-Gobe ya kalli ƙyallen, ya kawar da kai. "Tsumma ne kawai, Yallaɓai."

Sufeto ya ga yadda fuskar mutumin ta sauya.

Ana haka Likita ta iso, doguwar mace cikin takalman roba, ƙanenta na biye da ita. Auta ake ce masa, ko da yake gemu ya riga ya cika masa fuska.

"Me ya sa kika sa a yi wa motar wannan aikin?" Sufeto ya tambaye ta.

"Hawan dutse. In na loda magunguna da ƙarafan kama shanu, sai ta tsaya a tsakiyar hawa tana nishi. Da damina na kwana biyu ban kai wani garke ba, na je na tarar da maruƙa sun mutu. Na so in sayi wata motar, aka ce ai wannan na'urar ta wadatar."

"Wa ya ce?"

"Mai Kwali, mai shagon kayan gyara. Iri biyu ya nuna mini, ya ce wannan ce ke ba da ƙarfi tun mota na tafiya a hankali, ita ta dace da dutse. Sabuwa fil, a kwalinta. Yau da yamma ma za a yi gwaji a gabana, a sa mata ma'auni a ga ƙarfin iskar."

Sufeto ya juya ga Auta. "Kai kuma yaushe rabonka da nan?"

"Ni? Na fi mako."

"Wannan tabaran da ke kan benci na wa ne? Sai-Gobe dai ba ya sa irinsa."

Auta ya shafa goshinsa, inda tabaran ya saba zama. Yayarsa ta zuba masa ido.

"Auta!"

"Wallahi Yaya, zagaye ɗaya kawai na so in yi. Na zo ba kowa, makulli na kan taya. Na murɗa, na murɗa, ta ƙi tashi. Sai na haƙura na tafi."

"Me ka gani a cikin motar?" in ji Sufeto.

"Ba komai. Sai wani jan tsumma a ɗaure a sitiyari."

Sufeto ya sallame su, ya ja Sai-Gobe bayan wata tsohuwar bas. Bai da lokacin lallashi.

"Ka ce mini tsumma ne kawai. Mota ta ƙi tashi a hannun Auta, ta tashi a hannun ɓarawo. Kuma ban taɓa ganin ɓarawon da ke tsayawa ya ninke ƙyalle ba. Kowane minti da ka ɓata mini, fetur na taruwa a ƙarƙashin wani. In ta kama da wuta, kai ne ka yi shiru."

Idon Sai-Gobe ya kawo ruwa.

"Koyarwar maigidanmu ce, Allah ya jiƙansa. In aiki bai ƙare ba, sai ka cire fis ɗin famfon mai don kada mota ta tashi, ka ƙulle shi a jan ƙyalle, ka ɗaura a sitiyari. In ka kwance kuwa, dole ka ninke ƙyallen ka ajiye a kusurwar tebur. Wanda ya yar da shi a ƙasa sai ya sha mari. Har yau hannuna da kansa yake ninkewa."

"Ku nawa kuka koya a wurinsa?"

"Da yawa sun watse. A garin nan mu biyu muka rage."

"Kai da wa?"

"Mai Kwali. Tabarma ɗaya muka kwana a kai, Yallaɓai. Ƙanena ne a sana'a."

Sufeto ya wuce shagon Mai Kwali, ya tarar da shi fes, kwalaye jere har rufi, fanka na juyawa. Shi kansa mai shagon farar riga ce a jikinsa, babu alamar ya taɓa riƙe sifana.

"Subhanallahi! Motar Likita?" ya ce. "Kai, duniya ta lalace. Ni tun safe ban ɗaga daga kujerar nan ba."

"Maƙwabcinka ya ce shagon a kulle yake da hantsi."

"Banki na leƙa. Wannan ai ba fita ba ce."

"Ka wanke hannu sosai," in ji Sufeto. "Amma akwai baƙi a ƙarƙashin farcenka."

"Kayan mota nake sayarwa, Yallaɓai, ba turare ba."

Sufeto ya gaya masa maganar tiyon tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Mai Kwali ya yi dariya.

"Yaya Sai-Gobe ya bar tiyon mai da waya? Mutumin da ke kwana uku a kan noti ɗaya? Wannan dabararku ce ta 'yan sanda. Ku je ku duba gidana in kuna so."

Aka duba. Sajan ya je gidan, ya shiga ma'ajiyar kayan shagon, ya bugo waya ya ce babu ko warin fetur. Sufeto ya tafi da Mai Kwali ofis, ba don yana da hujjar da za ta tsaya a kotu ba. Ninkakken ƙyalle da baƙin farce, alƙali dariya zai yi masa.

La'asar ta kawo jiki. Ɗakin tambaya ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru uku, ƙwan lantarki a sama. Mai Kwali ya harɗe ƙafa yana amsa kowace tambaya da tambaya. Sufeto ya haɗiyi ƙwayar maganinsa babu ruwa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Duk ƙarar da ta taso daga titi sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka jiniyar 'yan kwana-kwana ce.

Daga ƙarshe ya sa aka shigo da Sai-Gobe.

Bakaniken bai zauna ba. Ya ajiye zoben ƙarfen a kan tebur, ya tura shi gaban ƙanensa na sana'a.

"Ka san wannan?"

Mai Kwali ya kalla.

"Babu shi a kwalin da ka ba ni. Sabon kaya ba ya zuwa babu shi, ni na sani, kai ma ka sani. Na yi shiru na tafi in sayo da kaina, don kada in kunyata ka a gaban Likita. Ga shi nan, ban ɗaura ba. Ka taɓa jin na yi maka ƙarya?"

Murmushin ya bar fuskar Mai Kwali. Ya sauke ƙafarsa. Leɓensa ya motsa, amma ya dake.

"Ni ban san inda motar take ba."

A daidai lokacin aka ɗauke wuta.

Ƙwan ya mutu, fankar ofishin waje ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Sajan ya leƙo ya ce duk garin ne, har fitilun mararraba sun mutu. Daga can nesa aka fara jin janaretoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

Mai Kwali ya miƙe zumbur har kujera ta kife.

"Wayata! Ku ba ni wayata!"

"Zauna," in ji Sufeto.

"Yallaɓai, don girman Allah! Mahaifiyata da na'ura take numfashi. Da an ɗauke wuta ƙanwata ke zuwa ta tayar da janareta. Janaretan yana cikin garejin gidan da suke zaune, ba nawa da kuka duba ba!"

"Ina motar take?"

"Tana can! Tana gefensa! Na rufe ƙofa, na rufe taga!"

Sufeto ya riga ya zaro wayar daga aljihun tebur. Yatsun Mai Kwali suka kasa latsa lamba, sai da Sai-Gobe ya riƙe masa. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta katse. Aka sake kira.

"Yaya?" in ji muryar ƙanwarsa. "Bari in kira ka, ina ƙofar gareji. Kai, wani irin wari ke fitowa..."

"Kada ki shiga! Kada ki taɓa komai! Ki fitar da Inna waje, ku tsallaka titi, yanzu!"

"Numfashinta fa?"

"Ƙaramar tukunyar iska na ƙarƙashin gadonta. Ɗauki, ku fita!"

Sufeto ya karɓi adireshin ya miƙa wa Sajan, ya ce a tura 'yan kwana-kwana da motar asibiti. Suka zauna jira a ɗakin da ya yi duhu. Can Sajan ya bugo daga gidan ya ce an fitar da tsohuwa lafiya, an buɗe garejin, fetur ya kwanta a ƙasa har ƙarƙashin janareta.

Mai Kwali ya zame ƙasa ya jingina da bango. Ba sai an tambaye shi ba.

"Tsohuwa ce na'urar. Daga motar da ta yi haɗari na ciro, na wanke, na fesa mata fenti, na sa a kwali. Da na ji za a sa ma'auni a gaban Likita, na san asirina ya tonu. Na yi niyyar in kwance ta in yar da motar a hanya, kowa ya ce ɓarayi ne."

"Da kuma wa za a fara kamawa?" in ji Sufeto. "A hannun wa motar take?"

Mai Kwali ya sunkuyar da kai.

"Ka ga jan ƙyalle," in ji Sai-Gobe a hankali. "Ka san ma'anarsa."

"Na ɗauka saiti ne kawai ya rage, Yaya. Na ce ai na san aikin."

"Har ka tsaya ka ninke."

Mai Kwali ya kalli hannuwansa kamar na wani ne. "Wallahi ban san na ninke ba."

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayo.

"Yaya, Inna za ta tambaye ni. Don Allah ka je ka duba ta gobe."

Sai-Gobe ya ɗauki zoben daga kan tebur ya sa a aljihu.

"Yanzu zan je," ya ce.